Wa Zai Kai Sauda Ɗakinta

Tirwun, Bauchi
Satumba, 1998

Yaya Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan gwiwar nan ta bar ki kina yin salla a tsaye. Yaya Gombe, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau. Gyaɗar da na shuka a bayan ɗaki ta yi kyau, in na cire zan ba Hammajoda direba ya kawo miki.

Yaya, an sa ranar 'yar taki. Kin san 'yar fari ce, ba na kama sunanta, sai ki gane. Yaron sunansa Mansir, ma'aikaci ne a jami'a, ya kama ciki da falo a Yelwa. Su suka ga juna, ni kuma ban ga aibunsa ba. Iyayenta maza sun tsayar da Asabar ta ƙarshen Nuwamba.

Na je Ƙofar Dumi, gidan su marigayi maigidana, na gaya wa Hajja da bakina, tunda ita ce yayar marigayi, ita ce babbar gwaggon yarinya. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce wane anko na fitar. Na ce babu anko, kowa ta zo da abin da ke jikinta. Ta ce jere fa? Na ce gado da katifa, risho, tukwane, kwanukan da za su ci abinci, da keken ɗinkinta. Abin da za ta taɓa da hannunta kullum ke nan. Hajja ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in haka ne, ba macen da za ta fito daga gidan nan ta raka yarinya ɗakin da babu jere, don ba za ta kai 'yar ƙaninta inda dangin miji za su yi musu dariya ba. Matan gidan suna zaune suna ji.

Kin dai sani, uwa ba ta kai 'yarta ɗakin miji. Dole a sami babba daga dangi da za ta kama hannunta, ta shigar da ita, ta damƙa wa uwar miji amana. Ni ba taro nake nema ba, mace ɗaya ta ishe ni. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito. Na san da ɗan nisa, amma yau duk dangin nan ke kaɗai kike amsa mini wasiƙa. Ki zo ki kai mini ita.

Ƙanwarki,
Zinariya

Gombe
Satumba, 1998

Zinariya,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, kamar wata ƙanwata da na sani a Tirwun. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar Sauda lafiya. Ni ba 'yar farina ba ce, zan kira sunanta son raina.

To Malama, na karanta takardarki sau biyu, na ce ikon Allah, abin har ya kai nan. Da kika rabar da kayan ɗakinki kika koma bayan gari, na ce zafin rashi ne, zai wuce. Da na zo na tarar da ɗakinki daga tabarma sai akwati ɗaya sai littattafai, na yi dariya na ce ashe masallaci kika buɗe. Wannan duk rayuwarki ce, ba ruwan kowa. Amma ɗakin amarya ba naki ba ne. Washegarin biki matan dangin miji za su shigo ganin ɗaki, kuma kin san ba gaisuwa ke kawo su ba. Abin da suka gani ran nan, da shi za su riƙa kiran yarinyar nan har ta yi jika.

Ga shawara, kuma kada ki ɗaga mini hanci. Ba sai kin sayi komai ba. Ina da kwalla da samira cike da kabad, Hajja tana da ninkin nawa. A kwasa a jera wa Sauda, a cika bango, a yi buɗar kai, baƙi su watse, bayan sati a dawo wa kowa da nasa. Rabin amaren Bauchi haka ake yi musu, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Anko kuma atamfa ce kawai, ba ta cizo.

Maganar in kai ta ni kaɗai, bari in gaya miki gaskiya tunda ba na iya kwana-kwana. Ina da 'yan mata biyu a gabana. In na tsallake maganar Hajja na kama hannun Sauda, ranar nawa wa zai zo mini daga Ƙofar Dumi? Ke kin iya zama ke kaɗai, ni ban iya ba. Ban ce ba zan zo ba. Cewa na yi ki sassauta, ki tausaya wa yarinya.

Yayarki,
Yagana

Tirwun
Oktoba, 1998

Yaya Yagana,

Ina gaisuwa, ina yi wa gwiwa sannu. Ga gyaɗar nan, ba yawa.

Kin ce in tausaya wa yarinya. Wato ke ma kin bi sahun masu cewa rowa ce ta hana ni. Wannan kalmar ta yi mini ciwo, Yaya, don daga bakinki ta fito.

Ban taɓa gaya miki yadda abin ya faro ba. Lokacin da nake takaba a ɗakina na Ƙofar Dumi, ba fita, ba makaranta, ba abin kallo sai kabad ɗin nan da ke gabana. Kwanuka tun daga ƙasa har rufi. Na zauna ina tunani, tun da aka kawo ni gidan nan, wanne na taɓa zuba tuwo a ciki? Babu. Duk Salla in sauke su, in wanke, in goge, in mayar. Kuma kin san Inna gonarta ta sayar ta yi mini su, har ta rasu tana cin hatsin awo. Na buɗe akwatuna, anko ne a danƙare, kowanne sau ɗaya na ɗaura, wasu ma na manta bikin wa aka yi da su. Marigayi kuwa da aka fito da shi, ƙyalle fari kawai na gani. Tun ran nan raina ya fita daga tara abin da ba ya yi mini aiki. Da na fita takaba na rabar, kuma wallahi ban taɓa barci mai daɗi irin na bayan nan ba.

Ban ce kowa ya bi ni ba. Ban daina zuwa biki ba, ban daina kai gudummawa ba, anko kawai na daina saye. Sai ga shi a bikin 'yar Ɗanlarai an tashi ɗaukar hoto, wata ta ce, "Malama ɗan matsa, kina ɓata mana layi." Na matsa. Daga nan goron gayyata ya daina zuwa Tirwun. Da Gwaggo Yelwa ta rasu, matar da ta yaye ni, a bakin wata ɗalibata na ji, bayan an yi sadakar uku. Ina cikin aji, da alli a hannuna. Duk a kan atamfa, Yaya. Ke kika ce ba ta cizo.

Jeren aro kuwa ƙarya ce, ko da duk garin ya yarda a yi ta. Ba zan fara wa 'yata aure da kwanon da za a zo a karɓe bayan sati ba, uwar miji tana kallo ana fita da su. In za su raina ta don tukwanenta kaɗan ne, gara su raina ta tun ranar farko ta san da wa take zaune.

Ita kuma ba ta ce mini komai ba. Ɗinkinta take yi. Ina jiran amsarki, e ko a'a.

Zinariya

Tirwun
Oktoba, 1998

Yaya,

Lafiya kuwa? Na je tasha har sau biyu, Hammajoda ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, ba ki ba shi komai ba. In a'a ce, ki rubuta a'a, zan iya ɗauka. Shirun nan irin na Ƙofar Dumi ne, ban saba jin sa daga wajenki ba. Lokaci yana matsowa, har yanzu ban san wa zai kama hannun yarinyar nan ba.

Zinariya

Gombe
Nuwamba, 1998

Zinariya,

Muna lafiya, mun ga gyaɗa, Allah ya amfana. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Rasa yadda zan fara na yi.

Ranar da Sauda ta ce miki za ta kwana gidan ƙawarta a Yelwa, nan Gombe ta zo. Na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakina, ko ruwa ba ta sha ba. Ta roƙe ni kada in gaya miki, amma na ga ɓoyewar ba ta da amfani.

Kin ce ba ta ce miki komai ba. Ta yaya za ta ce? Ke da ko sunanta ba kya kamawa, ko ido ba kwa haɗawa. Kin watsar da al'adu da yawa, amma kin riƙe kunyar 'yar fari gam, har kika yanke yadda ɗakinta zai kasance ba ki tambaye ta ba. Ni na tambaye ta. Ta yi kuka har na ji tsoro. Ta ce ita kwanuka ba su dame ta ba, ta san gaskiyarki, kuma tana alfahari da ke. Amma ta ce tun tana 'yar sakandare take zuwa gidan kakanninta ana ce mata 'yar mai tabarma. Ta ce, "Gwaggo, Umma ta zaɓi nata da girmanta, ni ba a tambaye ni ba aka haɗa da ni." Ta ce abu ɗaya take so a duniya, ranar da za a kai ta, ta waiga ta ga dangin ubanta a bayanta, kada uwar Mansir ta tambaya ko ba ta da kowa ne.

Na shiga mota na je wajen Hajja. Mun yi ta, ba daɗi, har na ce mata ta ji tsoron Allah, marainiya ce. Ga inda aka tsaya. Sauda za ta koma Ƙofar Dumi a yi kamu da lalle a can, daga can za a kai ta. Hajja za ta yi jere, kuma ta ce ba aro ba ne, kyauta ce ga 'yar ƙaninta, don haka ki ajiye maganar ƙarya. Ta fitar da anko, shuɗiya mai ganye. Ta ce in kin ɗaura shi kamar kowa, za a biyo da amarya Tirwun ta yi sallama da ke kafin a wuce Yelwa. In ba ki ɗaura ba, ta ce ba za ta kwashi mata cikin kaya iri ɗaya ta kai su gaban wadda za ta nuna musu ta fi su hankali ba.

Na san sharaɗin ba adalci ba ne. Amma na sa an ɗinka naki, ga shi nan a leda tare da takardar nan. Yini ɗaya ne, Zinariya. Don Allah.

Yagana

Tirwun
Nuwamba, 1998

Yaya Yagana,

Na gaishe ki. Saƙo ya iso, leda da takarda.

Na kira yarinyar na zaunar da ita. Ban iya kallon fuskarta ba, ita ma haka, bango muka yi ta kallo mu biyu. Na ce abin da ta gaya miki gaskiya ne? Ta ce e. Na ce to me ya hana ta gaya mini? Ta ce ta ga ina jin daɗin yadda nake, ba ta so ta zama ita ce za ta ɓata mini. Yaya, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Kin yi gaskiya a nan, ɗakinta nata ne. In tana so a jera mata har bakin ƙofa, a jera.

Jiya na raka ta Ƙofar Dumi da akwatinta. A zaure na tsaya. Ina jin guɗa daga ciki da ta shiga, na juyo.

Amma anko, a'a. Ki gaya wa Hajja haka, da kalmomina. Na ba da 'yata, na ba da ɗakinta, na ba da bikin gaba ɗaya, ban riƙe komai ba. Jikina kaɗai ya rage mini. Matar da ta hana a gaya mini rasuwar wadda ta yaye ni ba za ta zaɓa mini zanen da zan ɗaura ba. In na ɗaura yau don an tsare ni da 'yata, to duk shekarun nan wasa nake yi, kuma gobe da wani abin za a zo.

Ba na jin ko Hajja za ta iya hana 'ya sallama da uwarta. Barazana ce. Ke kina cikin motar, kin san hanyar Tirwun. Zan share tsakar gida in jira ku bayan la'asar.

Zinariya

Gombe
Disamba, 1998

Zinariya,

Na dawo gida lafiya, sai gajiya. An kai Sauda, an yi taro, mota shida, ɗaki ya yi kyau, dangin miji sun karɓe mu da mutunci. Ni na kama hannunta na dama, Hajja na hagu.

Na san kin jira. Wallahi na yi iya yina. Da aka fito da ita na ce wa direba Tirwun, Hajja ta ce Yelwa. Na ce uwa fa? Ta ce uwa ta aiko da amsarta, kuma ni na kawo. Haka ne kuwa, ni na faɗa mata, da kalmominki, yadda kika ce. Na duba matan nan ko ɗaya za ta goya mini baya, kowa ta shiga gyaran ɗankwali. Na yi tunanin in fita daga motar, to in na fita wa ya rage wa Sauda daga ɓangarenki? Sai na zauna.

Ban biyo ta wajenki ba kafin in taho, don ban san da wane ido zan kalle ki ba, kuma ina jin haushinki. Ina jin haushin Hajja, amma naki ya fi, don ke ce mai ilimin. Kin ci gardama, Malama. Kin tsira da jikinki, ba wanda ya ɗaura miki komai. Ina fata abin ya ishe ki.

Yagana

Tirwun
Disamba, 1998

Yaya Yagana,

Sannu da gajiya, Allah ya bar zumunci. Na gode da kika kama hannunta. Da kika zauna a motar daidai kika yi.

Ban ci gardamar komai ba. Na ɗaura, Yaya.

Ran nan da safe na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na dama fura. Da azahar ta yi sai na tsaya ina tunanin yadda za ta shigo, mata cike da gida kaya iri ɗaya, ta ɗaga mayafi ta ga uwarta ita kaɗai daban, a ranarta ma. Na ce wannan kam ba zan yi mata ba. Ba don Hajja ba. Na ciro ledarki na saka, ya yi mini daidai, kin san awona. Ban aika kowa ya faɗa ba, don na ɗauka ko ta yaya za ku biyo, ku gani da idonku.

Na zauna a bakin ƙofa. Duk motar da ta karyo kwana sai in miƙe. Maƙwabciyata Regina ta fito ta ce, "Malama, yau ka yi kyau," ta kawo kujera ta taya ni jira, har ta gaji ta koma shagonta. Da na ga rana ta yi ja, na tare acaɓa na ce Ƙofar Dumi, ya yi sauri.

Na tarar da gidan a buɗe, ba kowa sai tukwanen biki a kife da wata tsohuwa mai wanke-wanke da ban sani ba. Ta dube ni ta ga anko, ta ce, "Hajiya kin makara, 'yan kai amarya sun tafi tun ɗazu, in kin hanzarta za ki same su a Yelwa." Ta ɗauka cikin 'yan rakiya nake. Mai acaɓa ya ce mu je? Na tsaya a zauren nan. Uwa ba ta bin 'yarta gidan miji, in na je na ja mata abin faɗa har abada. Na ce ya mai da ni Tirwun.

Kada ki gaya wa Hajja, ba na son ta ji daɗi. Kada kuma ki gaya wa yarinyar, ba na son ta ji ciwo. Gara ta ɗauka taurin kaina ne, wannan ta saba da shi. Ban canja ra'ayi a kan komai ba, gobe ma aka fitar da wani ankon ba zan saya ba, kuma na san goro ba zai zo ba. Amma da akwai maganganun da na tanada zan gaya mata ran nan, tun tana goye nake tara su, ga su nan a bakina ban san inda zan kai su ba.

Kin ba ni labarin motoci da ɗaki. Ba su nake tambaya ba. Ke kina kusa da ita, ki rubuto mini dalla-dalla, kada ki rage komai don tausayina. Da motar ta miƙe Yelwa ba ta juyo Tirwun ba, ta gane? Ta yi magana? Wa ya yi mata nasiha a madadina, me aka ce mata? Kuma yarinyar nan in ranta ya ɓaci ba ta cin abinci, sai an zauna kusa da ita an yi shiru. Ki gaya mini ko wani ya lura, ko ta ci wani abu ran nan.

Ƙanwarki,
Zinariya